Minti biyar-biyar a bayan motar asibiti

Matashin da aka ba ni in raka zuwa babban asibiti ya faɗo ne daga babur, kuma ya bugu a gefen cikinsa na hagu. Lokacin da muka ɗora shi a mota yana magana tar, awon jininsa 118 bisa 76, bugun zuciyarsa 104 a minti ɗaya, don haka hankalina ya kwanta fiye da yadda ya kamata.

Ƙa'idar aikinmu ita ce a auna wanda jikinsa bai daidaita ba duk bayan minti 5, wanda ya daidaita kuwa duk bayan minti 15. Nakan rubuta alƙaluman a kan filastar da na manna a cinyata, domin takarda ba ta zama wuri ɗaya a mota mai gudu. Bugun ya koma 112, sannan 121, sannan 129, alhali awon jinin bai wani sauka ba. Ana cikin haka na'urar auna iskar oksijin da ke yatsansa ta daina nuna komai, ni kuwa na ɗora laifin a kan girgizar hanya, na ɓata mintoci ina sauya mata yatsa.

Sai da na riƙe hannunsa na gane kuskurena. Hannun ya yi sanyi, ga gumi, kuma da na danna farcensa jan bai dawo ba sai bayan kusan daƙiƙa 4, alhali bai kamata ya wuce 2 ba. Ya daina koke, ruwa kawai yake roƙo. Ashe jini ne ke zuba a cikin cikinsa. Jikin matashi yakan matse jijiyoyinsa ya riƙe awon jini har sai ya yi asarar kusan kashi ɗaya bisa uku na jininsa, kuma matsewar nan ce ta hana na'urar karatu.

Na hana shi ruwan saboda tiyata, na lulluɓe shi da bargo tunda sanyi yana hana jini daskarewa, na ba shi oksijin da ƙarin ruwa kaɗan-kaɗan, gwargwadon abin da zai riƙe bugun wuyan hannunsa. Na buga wa likitocin waya na karanta musu alƙaluman a jere, suka shirya jini kafin mu iso. Saifarsa ce ta fashe.

Tun daga ranar ba na barin mota ta tashi sai na sa allurar ƙarin ruwa biyu, kuma inda hannuna zai kai wuyan hannun majinyaci nake zama.