Shekarar da Mambila ta ci min

Jiya na karɓo takardar kammalawa daga dipatmen, to yanzu bakina ya buɗe.

Furojet ɗina a kan yadda yanayi ke sa mutane su zauna a saman duwatsu ko su guje su ne, na ɗauki tsaunin Mambila na jihar Taraba. Kuskurena ɗaya tak, ban taɓa taka wurin ba. Ina ɗaki gaban kwamfuta na haɗa taswira da lissafin littattafan Turai, cewa duk mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da kusan digiri 6.5, don haka inda ya yi sama sosai sanyi zai kori mutane. Sai na shafa wa kusan duk saman Mambila ja, wai bai dace da zama ba. Sufabaiza na ya karanta, ya sa hannu a cafta ta uku, har da cewa aiki ya yi kyau.

Ranar difens, wato kare furojet, malamin da ya zo daga waje tambaya ɗaya ya min, ka taɓa zuwa Gembu? Na ce a'a ranka ya daɗe. Ya ce to jan nan naka a kan Gembu, hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna, ka shafa shi. Ɗaki ya ɗauki dariya. Ba dariyar ce ta fi min ciwo ba, malamina ne da ya gyara zama ya ce ai tun farko ya gargaɗe ni. Wallahi bai taɓa ba. Na haɗiye, don wanda makinka ke hannunsa ba ka ƙaryata shi a gaban baƙo.

Da kuɗin aljihuna na tafi. Daga Serti gumi muke yi a mota, muna wuce Mayo Selbe direba ya sa giya ɗaya aka fara hawa, kafin mu kai Nguroje kowa ya ja gilas, ni ina ta lalube jaka ina neman rigar sanyi. A nan na gane lissafin ba ƙarya ba ne, ni ne ban duba daga inda ake fara cirewa ba. A Turai dama da sanyi ka fara, kana cirewa sai ƙanƙara. Mu kuwa daga zafin ƙasa za ka cire wajen digiri 10 a tsayin mita 1,600, abin da ya rage shi ne iskar da kowa ke nema. Ga shanu ko'ina a kan tudu don ƙudan tsando bai jure sanyin, sammore ba ya damunsu kamar a ƙasa, ga gonar shayi a Kakara, manoma kuma sun fi bin kwari inda ruwa yake kuma iska ba ta dukan shuka. Da ma na leƙa Habasha a taswira da na farga, Addis Ababa kanta ta haura mita 2,300, La Paz ta Bolibiya kuwa wajen 3,600.

Sauran darussan ba su da yawa. Duk gyaran da malami ya ba ka a baki, ka sa ya rubuta. Kar ka yarda da taswirar da ƙafarka ba ta taka ba. In za ka Gembu ka tafi da safa biyu.

Na sake difens na samu A, malamina har ya miƙo min hannu muka gaisa, na ce na gode malam. Cafta ta ukun nan mai sa hannunsa da jan biro tana nan a ƙasan akwatina.