Hazon Bauchi ya riga ku zuwa Tenerife

Ƙannena da ke karatun kimiyyar fiziks a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) ta Bauchi, ga abin da ke jiran mai zuwa Tenerife, ɗaya daga tsibiran Kanari na ƙasar Sifen, don aikin madubin hangen taurari.

Tun daga gida ake fara wahalar takardu. Shaidar digiri sai ta bi ta Ma'aikatar Ilimi da ta Harkokin Waje a Abuja, ofishin jakadancin Sifen ya buga hatimi, sannan tafinta mai rantsuwa ya mayar da ita Sifaniyanci. Da ka sauka, ka nemi yarjejeniyar haya a rubuce, don da ita ake rajistar mazauni a ofishin ƙaramar hukuma, abin da suke kira empadronamiento. Katin zama na TIE kuma a cikin wata guda ake nemansa. Wanda ya raɓe a ɗakin aboki ba takarda, nan yake maƙalewa.

Ofishin IAC, cibiyar binciken taurari ta Kanari, yana garin La Laguna, amma aikin yana wurin hangen taurari na Teide da ke kan dutsen Izaña, kusan mita 2,400 sama da teku. Ana zuba ƙanƙara a can lokacin hunturu, rigar sanyin kasuwar Wunti ba ta isa. A kan dutsen ne Hukumar Sararin Samaniya ta Turai take da madubi mai faɗin mita 1, wanda ya karɓi ƙwayoyin haske daga tsibirin La Palma, tazarar kilomita 144, a gwajin ƙulla mabuɗin sirri na kwantum da aka wallafa a 2007.

Ga yadda ake ƙulla mabuɗin sirri na kwantum, wato lambobin kulle saƙo da ake samarwa da ƙwayoyin haske. A tsarin BB84 na Bennett da Brassard, na shekarar 1984, mai aikawa yana sakin haske ƙwaya-ƙwaya, kowace da karkata ɗaya cikin huɗu: digiri 0, 45, 90 ko 135. Mai karɓa yana aunawa da ka, daga baya su zubar da duk inda ma'auninsu ya saɓa. Duk wanda ya saci ji a hanya sai ya bar kuskure. Idan kuskuren ya haura kusan kashi 11 cikin 100, mabuɗin ya tashi a banza.

Sai dai galibi ba ɓarawo ne ke kawo kuskuren ba, iska ce. Zafi da sanyi suna sa haske rawa kamar kawalwalniya a titin Darazo, don haka ake harba leza ta biyu a matsayin jagora, ƙaramin madubi yana binta yana gyara saiti. Farin wata yana cusa haske baƙo, shi ya sa ake sa matata mai tsauri. Na'urar ƙirga ma takan ƙirga abin da bai zo ba, sai an sanyaya ta.

Babban abokin gaba shi ne calima, wato hazon Sahara, ɗan'uwan wanda ke rufe mana Bauchi a Janairu. Ƙura tana cinye ƙwayoyin saƙo, ƙirgen ƙarya kuwa yana nan yadda yake, sai kason kuskure ya hau. In ta yi kauri rufe rumfar madubin ake yi, kada ta dusashe fuskar madubi. A ganina ɗan Arewa ya fi kowa saurin gane wannan sama: da rana ta yi fari fat da la'asar, ka san daren ya tafi.

Aikin dare ne, daga magariba zuwa asuba, kuma a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 9, mai azumi ya shirya. Naman halal yana shagunan Marokawa. Garin gofio na mutanen Kanari, soyayyar masara ko alkama, in ka dama shi da madara yana kashe kewar kunu kafin a hau dutse.