Abin da ke ƙarƙashin ciyawar filin golf

'Yan'uwa masu kula da filin golf, ku nemi littattafan tsara fili, domin aikin gaske a ƙarƙashin ciyawa yake, inda ido ba ya kaiwa.

Ɗauki dandamalin da ke kewaye da ramin da ake saka ƙwallo a ciki. Tsarin da hukumar golf ta Amurka, USGA, ta fitar a 1960 kuma take ta gyarawa ya ce a fara binne bututun magudanar ruwa, tazarar da ke tsakaninsu kada ta wuce mita 5. A zuba tsakuwa santimita 10, sannan yashi mai ɗan haɗin ruɓaɓɓen tsiro santimita 30. Ruwa kan tsaya a cikin yashin nan saiwa ta sha, sai in ya yi yawa ya tsiyaye cikin tsakuwa. Wanda bai karanta ba zai ƙara laka don rage kuɗi. Damina ɗaya, ƙasa ta toshe, saiwa ta ruɓe.

Gangara ma haka take. In ta wuce kashi 3 cikin 100 a bakin rami, wato saukar santimita 3 a kowace mita, kuma ciyawa a aske take, da wuya ƙwallo ta tsaya.

Littafin Alister MacKenzie, mai tsara filayen golf, na 1920 mai ƙa'idoji 13 ya fi burge ni inda ya nace cewa fili ya gamsar da gwani da ɗan koyo baki ɗaya.