Wata Bakwai a Teburin Ɗuri: Harsashi na Shida

'Yan uwa masu koyo, barkanmu da war haka. Rabon da in ba ku labarin inda na kai a ɗura harsashi da hannu, wato sake cika kwanson da aka harba, tun ina kan harsashin libarba na .38 Special, ina ɗokin tsallakawa zuwa magnum, wanda ya fi shi ƙarfi. To na tsallaka. Wata bakwai ke nan ina ɗura .357 Magnum, kuma wata biyu da suka wuce na fara taɓa .44 Magnum. Kafin in ci gaba, kowa ya tabbatar dokar inda yake zaune ta yarda masa ya mallaki bindiga da albarushi ya kuma ɗura harsashi, don ba ko'ina aka yarda ba. Sannan ba za ku ga awon albarushi ko guda a rubutun nan ba. Da gangan na bar shi. Awo daga littafin kamfanin da ya gwada shi a ɗakin gwaji ake ɗaukowa, ba a karɓarsa daga bakin ɗan koyo irina.

Da na fara, tsorona ɗaya ne: kada albarushi ya yi yawa. Tsoron yana da tushe. SAAMI, ƙungiyar masu ƙera bindiga da harsashi ta Amurka, wadda ke tsara ƙa'idojin harsashi tun 1926, ta sa iyakar matsin .38 Special a fam 17,000 kan kowane murabba'in inci. Na .357 Magnum 35,000 ne, na .44 Magnum 36,000. Wato ninki biyu da 'yan kai, alhali kwanson .357 bai fi na .38 tsawo ba sai da misalin kashi ɗaya cikin takwas na inci. Waɗanda suka fito da shi a 1935 sun ƙara wannan ɗan tsawon ne domin kada ya shiga tsohuwar libarba da ba za ta iya ɗaukarsa ba. Kullum na riƙe kwanson biyu a tafin hannu sai in tuna yadda ido ke ruɗin mutum a wannan sana'a.

Abin da ban sani ba shi ne, ƙarancin albarushi ma yana da nasa sharrin, kuma shi ya fara kama ni.

A wata na biyu na sayi albarushi mai cin wuta a hankali, irin wanda ake samun cikakken ƙarfin magnum da shi. Na duba littafi na ga awon farawa da awon ƙarshe sun kusa haɗuwa, tazarar kaɗan ce. Sai zuciyata ta ce, ai kai sabon hannu ne, sauka ƙasa da na farawar ma, ka fi samun kwanciyar hankali. Na sauka. A filin harbi na farko ya tashi lafiya, na biyu ma haka. Na uku sai na ji wani sauti mara rai, "fut", hannuna bai ko motsa ba. Babban yatsana har ya kai kan guduma zai sake ɗanawa. Abin da ya tsayar da ni shi ne maganar wanda ya koya mini, da ya yi ta nanatawa har na gaji da ji: duk ƙarar da ba ka saba ba, ajiye bindiga. Na jira, bakinta na kallon gaba, sannan na buɗe silinda, wato gangar da ke juyawa da harsasai, na zazzage komai. Ga albarushin da bai ƙone ba ya dunƙule, launinsa ya koma ɗorawa-ɗorawa. Na zura siririn sanda ta bakin bututu, bai yi nisa ba ya tokare. Kan harsashin yana zaune a ciki. Da na harba na huɗu a bayansa, mafi sauƙin abin da zai faru shi ne bututun ya kumbura.

Da na dawo gida na karanta abin da ya kamata in karanta tun farko. Irin wannan albarushi, kamar H110 da Winchester 296, waɗanda abu ɗaya ne a gwangwani biyu, yana buƙatar kwanso ya kusa cika, yana buƙatar matsi mai yawa kafin ya ƙone daidai, kuma galibi littafi faraimar magnum yake haɗa shi da ita, wato ɗan abin gindin kwanso da ke kunna albarushi. Kamfanin Hodgdon, mai sayar da shi, ya daɗe yana gargaɗin kada a rage shi sosai. Gargaɗin yana nan a rubuce, ni ne na tsallake shi ina neman jadawalin lambobi. Ƙa'idar nan da muke ji ta "rage kashi goma cikin ɗari ka fara" ba ta hau kansa ba. Wanda yake son harsashi mai sauƙin bugu ya nemi wani albarushin da aka gwada don haka, ya bi jadawalinsa.

Sai dai can ma akwai tarko. Albarushi mai saurin cin wuta kaɗan ake zubawa, sai ya kwanta a gindin dogon kwanson magnum, ya bar wurin da zai ɗauki zubi na biyu ba tare da ya zube ba. Zubi biyu a kwanso ɗaya shi ne abin da ke fasa silinda ya ɗage ƙarfen saman bindiga. Don haka na sauya tsarin aikina gaba ɗaya. Kwanson da ba a zuba wa ba yana kife a katakon jeri, baki ƙasa. Na ɗauko, na zuba, sai ya koma wani katako daban, baki sama. Idan hamsin suka cika, in miƙe tsaye in haska tocila in bi su layi-layi. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima: wanda ya fi 'yan uwansa cika ko wanda babu komai a cikinsa nan take yake fitowa. Kowane na goma ina juye shi a sikeli. Sikelin ma ina gwada shi da ma'aunin gwaji kafin in fara, domin giren, awon nauyin da ake auna albarushi da shi, ƙaramin abu ne, 7,000 ne ke yin fam ɗaya, giram ɗaya kuma ya haura giren 15. Gwangwanin albarushi ɗaya tak ke hawa tebur, kuma ragowar da ke cikin na'urar zubawa tana komawa gwangwaninta a daren. Idan aka kira ni ko aka buga ƙofa, wanda ke hannuna juye shi nake yi in sake.

Yanzu ga abin da ya cinye mini mafi yawan watannin nan, wato lanƙwasar baki, matse bakin kwanso ya kama kan harsashi.

A .38 ban taɓa ba ta muhimmanci ba. A .44 Magnum da kan harsashi mai nauyin giren 240, ita ce rabin aikin. Idan aka harba, bindiga tana zabura baya da ƙarfi, ta ja kwansunan da ke sauran ramukan silinda tare da ita. Kawunan kuwa masu nauyi ne, suna son zama inda suke. Sai kowane bugu ya zaro su kaɗan-kaɗan. Ranar da na fara gwada .44 ɗina, bayan harbi na huɗu silinda ta ƙi juyawa. Kan na shida ya leƙo ta gaban silinda ya tokare ta. Babu wanda ya ji ciwo, amma harsashin da kan nasa ya zaro ba shi ne wanda ka auna ba, sararin cikinsa ya sauya, kuma albarushi mai jinkiri ba ya ƙonewa daidai idan kan bai riƙu ba. Da na haɗa wannan da abin da ya same ni a wata na biyu, sai na gane ciwon ɗaya ne ya fito mini ta fuska biyu.

Na ɗauka ƙara matse bakin zai magance. Na matsa har kwanso ya yi ƙusumbi a ƙasan baki ya ƙi shiga silinda. Ashe riƙon gaske daga jikin kwanso yake zuwa, daga yadda ya rungumi kan harsashin, lanƙwasa taimako ce kawai. Ni kuma ina buɗe bakin fiye da kima kafin in zaunar da kai, na sassauta riƙon da hannuna. Na rage buɗewar zuwa iya abin da gindin kai zai zauna ba tare da ya karce ba. Sannan na auna kwansuna ɗaya bayan ɗaya, na tarar tsawonsu ya sha bamban. Dogo ya sha matsa da yawa, gajere bai samu komai ba, alhali saitin ƙarfe ɗaya ne. Na datse su duka suka zo daidai. Aikin gundura ne, ya ci mini darare uku, kuma babu abin da na yi a wata bakwai da ya gyara harsashina kamarsa. Na kuma raba zaunar da kai da lanƙwasa baki zuwa mataki biyu, bakin yana faɗawa tsakiyar tsagin da aka yi masa a jikin kai.

Gwajin da nake yi yanzu ba shi da wuya. In auna tsawon harsashi ɗaya in rubuta, in sa masa alama da alƙalami, in cika silinda, in harba biyar in bar shi. In ciro in sake aunawa. Sai in mayar da shi da sababbi biyar in maimaita. A zagayen da na yi makon jiya bai motsa ba ko a karo na biyu. Na daɗe ban ji daɗi irin na ranar ba.

Wata magana da nake so mu daina yaɗawa a tsakaninmu ita ce, wai a yi ta ƙara albarushi har sai an ga alamar matsi. A libarba alamun nan ba abin dogaro ba ne. Faraima na iya baje saboda dalilai da yawa, wani lokaci kuma matsi ya wuce iyaka kwanso bai nuna komai ba. Idan har kwanso ya fara mannewa sai an doki sandar fitarwa, an riga an wuce gona da iri, a tsaya a kwance sauran. Abin da ya fi taimakona shi ne na'urar auna gudu. In gudun ya haura abin da littafi ya samu da bututu mai tsawo irin nawa, matsin ma ya haura, ko da komai ya yi kyau a ido. Kuma duk abin da na sauya, sabon gwangwanin albarushi ne, wata faraima ce, ko wani kai mai nauyi ɗaya amma siffa daban, ina komawa awon farawa. Kai mai zurfin zama yana rage sarari ya ɗaga matsi.

Sauran a taƙaice. Tabarau a ido duk lokacin da ake taɓa faraima, su kuma su zauna a kwalinsu na asali, kada a tara su a kwalba. Ina shafa yatsa a gindin kowane kwanso, faraimar da ta ɗago sai a gyara kafin a zuba albarushi, ba a sake danna ta a harsashin da aka gama. Ƙurar injin wanke kwanso akwai dalma a ciki, don haka ba ci ba sha a teburin, a wanke hannu da sabulu, yara kuma ba sa shiga ɗakin. A wurin harbi yatsa ya nisanci tsagin da ke tsakanin silinda da bututu, iskar da ke fita nan a magnum tana yanka nama.

Inda na tsaya: a .357 na zauna a wani awo na tsakiyar jadawali wanda ya fi haɗa harsasai wuri ɗaya a takarda, ban kai na ƙarshe ba kuma ba na nemansa. A .44 har yanzu mataki biyu nake sama da na farawa. Kowane kwali yana da takardarsa, da kwanan wata da irin albarushi da lambar gwangwani da sau nawa aka ɗura kwanson. Biyu daga cikin tsofaffin sun tsage a baki, na murƙushe su da filaya na jefar. Watan gobe zan gwada kawunan dalma zalla a .44, kuma kafin in sayi ko ɗaya zan fara auna faɗin bakin ramukan silindata.