Laraba: png.h biyu a kwamfuta ɗaya

Sanyin yau ya fi na jiya. Daga Farin Gada har Terminus mai Keke da safar hannu yake tuƙi, ni ma sai da na sha shayi mai zafi kafin yatsuna su yarda su taɓa kibod.

Aikin da ke jirana na wata ƙungiyar 'yan kasuwa ne. Suna da tsohuwar manhaja da wani ya rubuta musu da harshen C, da ita suke sikanin rasidi da takardun rance su adana a hoton PNG. Sun sayi sabuwar kwamfuta, na girka musu Ubuntu 22.04, saura in sake harhaɗa manhajar a kanta. Wanda ya rubuta ta ya ƙunsa kwafin libpng, laburaren kod da ke karanta da rubuta hoton PNG, na jerin 1.2 a cikin wata folda, don kada a wahalar da kowa da nema.

Ina buga make, umarnin da ke fara harhaɗawa, sai kurakurai suka cika allo. GCC, manhajar da ke harhaɗa kod ɗin C, yana ƙorafi a kan duk layin da ya taɓa info_ptr->width ko info_ptr->height, wai bai san abin da ke cikin png_info ba. Yaron da ke IT, wato koyon aiki, a wurina ya leƙo ya ce, "Oga, ai ga png.h nan a foldar, na buɗe na gani, komai yana ciki."

Na ce masa, "Wanda ka buɗe daban, wanda GCC ya buɗe daban. Ƙara -H ka sake harhaɗa fayil ɗin."

Wannan -H ɗin yana sa GCC ya lissafo kowace heda, wato fayil mai .h irin png.h da ke bayyana abin da ke cikin laburare, da ya ɗauko da inda ya samo ta. Sai ga shi ƙarara: /usr/include/libpng16/png.h. Ta cikin manhajar ko kallonta bai yi ba.

Dalilin bai ɓuya ba da na duba Makefile, fayil ɗin da ke gaya wa make yadda zai harhaɗa. Manhajar tana amfani da FreeType, laburaren zana haruffa, wajen buga kwanan wata a jikin hoto, kuma idan ka tambayi pkg-config, mai faɗin inda kayan laburare suke, abin da FreeType ke buƙata a Ubuntu, yana haɗo maka da -I/usr/include/libpng16, domin FreeType ɗin ma da libpng aka gina shi. Wannan layin ya riga na foldar manhajar zuwa. GCC kuwa daga hagu zuwa dama yake bin jerin -I, wato foldojin da zai nemi heda a ciki, png.h ɗin da ya fara cin karo da ita ita ce tasa. Kamar gida ne mai Audu biyu, ka tsaya a zaure ka yi kira, wanda ya fi kusa da ƙofa shi zai amsa. Ko wata heda ta sake kiran tsohuwar daga baya ta cikakkiyar hanyarta, ba za ta shiga ba, don dukansu PNG_H ne mai gadinsu, alamar da ke hana shigo da heda sau biyu, an riga an sa alamar an shigo.

Tun libpng 1.5, wanda ya fito a 2011, masu laburaren suka ɓoye cikin png_struct da png_info, suka ce a riƙa tambaya ta hanyar ayyuka irin su png_get_image_width. Kod ɗin nan tun kafin lokacin aka rubuta shi, yana zura hannu kai tsaye.

Bayan azahar yaron ya kawo shawara: a dawo da foldar manhajar gaba a jerin -I, shi ke nan. Na yaba masa, don ya gano bakin zaren, kuma da an yi hakan kurakuran za su ɓace. Amma ban yarda ba. Manhajar za ta tashi ɗauke da libpng 1.2 a jikinta, FreeType kuma zai jawo libpng16.so.16, laburare biyu masu ayyuka da sunaye iri ɗaya a cikin shiri guda. Idan kira ya faɗa hannun wanda ba shi ba, sa'a ita ce png_create_read_struct ya lura sigar heda ba ta dace da ta laburare ba ya ƙi aiki. In ba a yi sa'a ba, sai wata rana a tsakiyar aiki manhajar ta mutu, mutane na layi da rasidinsu, ba wanda ya san dalili.

Akwai kuma abin da ya fi damuna. Kwafin da aka ƙunsa ba ya samun gyara. Idan aka toshe wata kafar tsaro a libpng, apt, mai girka manhajoji a Ubuntu, zai sabunta na tsarin, wancan na cikin folda yana nan yadda aka bar shi. An ga haka a 2002, lokacin da aka gano matsala a zlib 1.1.3, laburaren matse bayanai, aka fitar da 1.1.4: manhajoji da yawa suna ɗauke da kwafinsu, sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Dokokin Debian ma, tsarin da aka gina Ubuntu a kansa, a sashe na 4.13, sun ce kada a yi amfani da irin wannan kwafin in akwai laburaren a tsarin. Na fahimci wanda ya ƙunsa shi, musamman a nan inda data ke da tsada kuma ba kullum intanet ke tsayawa ba. Ya sauƙaƙa wa mutane a lokacinsa. Sai dai takardun rancen jama'a ne a ciki, ba zan bar su a kan kod ɗin da ba mai kula da shi ba.

Don haka muka cire foldar daga Makefile muka zauna gyaran kod. Duk inda aka taɓa width da height da rowbytes muka mayar da shi png_get. Inda aka rubuta png_ptr->jmpbuf ya koma png_jmpbuf. Sai wani ƙaramin ya ɓullo: Z_BEST_COMPRESSION ya ɓace, domin sabuwar png.h ta daina jawo zlib.h da kanta. Layi ɗaya ya magance shi. Na bar wa yaron rabin aikin, kuma hannunsa ya faɗa da sauri fiye da yadda na zata.

Dab da la'asar make ya wuce lafiya, ldd, mai lissafo laburaren da manhaja ke jawowa, ya nuna libpng16 kaɗai. Na gwada da tsofaffin hotunan da suka ba ni, duk sun buɗe. Na rubuta abin da muka canza a fayil ɗin bayani, na kira sakataren ƙungiyar na ce, "Alhaji, gobe in Allah ya kai mu a tanadi sikana da rasidai na gaske, ina so in ga ta yi aiki a ofishinku kafin a ɗauke tsohuwar kwamfutar."