Gilashin Alhaji da ranar la'asar

Wurin sayar da motocin yana titin Zariya a Kano, gabansa gilashi ne tun daga ƙasa har sama, kuma yamma yake kallo. A watan Afrilu, da ƙarfe 3 ta yi, na'urar sanyaya ɗaki sai ta yi ta gurnani a banza, sitiyarin motocin sahun gaba kuwa ba ya taɓuwa.

Mai wurin baƙar leda yake so a manna. Na ce, "Alhaji, in ka baƙanta gilashin, wa zai hango motocin daga titi?" Labule ma ban yarda da shi ba, don kafin ya tare zafin ya riga ya shigo.

Rumfa ranar tsaka kawai take karewa, ta la'asar ta ƙarƙashinta take kutsowa. Sai na zana masa fallayen alminiyum a tsaye, daga waje, na karkata su yadda tsakaninsu zai buɗe wajen kudu maso yamma. Daga Afrilu zuwa Agusta rana na faɗuwa ne ta ɗan arewa, sun tare ta ke nan. Mai shigowa gari daga Zariya kuma yana ganin motoci sarai. Ranar Disamba za ta leƙo, amma lokacin hunturu ne, na ƙyale ta. Ga shi na tsaye ba sa tara ƙura kamar na kwance.