Matan mashayar Ginza a fim ɗin Naruse

Duk mai son sanin yadda bashi ke cin mace da ranta, ya nemi Onna ga Kaidan wo Agaru Toki, fim ɗin daraktan Japan Mikio Naruse na 1960. Hideko Takamine ce ta fito a matsayin Keiko, wadda mijinta ya rasu, take kula da 'yan matan wata mashaya a unguwar Ginza ta Tokyo.

Ku lura da lissafin. Attajirai suna sha bashi, ita kuma ke bin ofisoshinsu da rana tana karɓowa. Dole ta sa kimono (rigar gargajiyar Japan) mai tsada, ta shafa turare, ta hau tasi, ta kama ɗaki a unguwar masu hali, in ba haka ba manyan baƙi su koma wata mashayar. Ga uwa da ɗan'uwa suna jiran kuɗi. Har gyambon ciki ya kwantar da ita.

Zaɓinta bai wuce aure ko buɗe tata mashayar da jarin wani namiji ba. Yuri, tsohuwar ma'aikaciyarta da ta buɗe tata, bashi ya kai ta ga shan ƙwayar barci don ta tsorata masu binta, ashe ajali ne. Naruse bai nuna mutuwar ba ma, labari kawai aka kawo.